Huda Biyu Na Nema, Aka Mayar Mini Da Gindin Tankin Kifi Tsakuwa

Yau kwana uku ke nan kifayena suna zaune a cikin bokitai, ina canza musu ruwa safe da yamma, ina duba ko akwai wanda ya fara kifewa, kuma duk wannan ya same ni ne saboda wani mutum da ya kira kansa gwanin gilashi ya ga cewa sauraron mai kaya ƙasƙanci ne a gare shi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar abin da ya daɗe yana tattali ya kai wa mai sana'a, ya dawo gida da gutsattsarinsa a cikin buhu, ya san irin ƙunar da ke cikin zuciyata, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Tankin nawa na gilashi ne, tsawonsa santimita 120, faɗi da tsayi 50 kowanne, yana ɗaukar ruwa lita 300. Abin da nake so a yi masa sananne ne a wajen duk mai kiwon kifin ado: a huda bangon baya a wuri biyu kusa da sama, domin rarar ruwa ta riƙa gangarowa ta bututu zuwa wani ƙaramin tanki da ke ɓoye a ƙasa, inda matatar ruwa da na'urar ɗumama shi suke, sannan famfo ya sake tura ruwan sama a tace. Huda ɗaya ita ce babbar magudana, ɗayar kuma ta ko-ta-kwana ce, don idan ganye ko dodon koɗi ya toshe ta farko, ruwan ya sami inda zai bi. Ban yanke wannan shawara don ƙawa ba. Shekara biyu ina fama da irin akwatin nan da ake ratayawa a bayan tanki, wanda ke zuƙo ruwa ta lanƙwasasshen bututu ya tsallake bakin gilashi. Matsalarsa ita ce da zarar iska ta taru a ƙoƙon lanƙwasar, zuƙon ya yanke, famfo kuwa bai san an yi ba, sai ya ci gaba da turo ruwa har tanki ya cika ya tumbatsa. Sau biyu ina tashi da asuba in taka ruwa a tsakar ɗaki. Hudar gilashi ita ce maganin wannan, domin ruwan da ke fita ta rami ba ya buƙatar komai sai nauyin kansa.

Kafin in fita daga gida na yi duk abin da ya kamata mai kaya ya yi. Na san cewa gilashi iri biyu ne a wannan harka. Akwai na gama-gari, wanda ake yankawa a huda. Akwai kuma gasasshe, wanda aka ɗumama a masana'anta har ya haura digiri 600, sannan aka hura masa iska ya huce da gaggawa, fatarsa ta ɗaure tamau cikinsa kuma yana ja. Wannan ɗaurin ne ke ba shi ƙarfi kusan ninki huɗu na gilashin gama-gari, kuma shi ne dalilin da ya sa ba a huda shi bayan an gasa, domin da zarar bakin injin huda ya ratsa fatar ya isa ciki, dukan farantin zai tarwatse lokaci guda. Masu ƙera tanki da yawa sukan sa gasasshe a gindi, inda nauyi ya fi yawa, su bar bangwaye da na gama-gari. Na gwada nawa da hanyar da aka sani: na haska farin fuskar waya a bayan gilashin, na duba ta cikin tabarau mai tace ƙyallin rana, ina juya shi a hankali. Bangon baya ya fito fes, babu komai. Gindin kuwa sai ga tabo-tabo da ratsi-ratsi masu duhu, alamar gasasshe ne ba tantama. Na ɗauki alƙalami na zana da'ira biyu a bangon baya, kowacce milimita 45 daidai da mahaɗin bututu mai inci ɗaya, na bar tazarar da ta fi faɗin ramin tsakaninsa da bakin gilashi. A gindin kuma na manna takarda na rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a huda nan. Har bakin hudar mai garin daimon ni na saya na tafi da shi.

Da na isa shagon mai gilashin, na yi sallama, na gaishe shi, na tsaya har ya gama wayar da yake yi. Na ce masa, "Malam, ga aikin da na kawo. Huda biyu ce a bangon baya, inda na zana. Amma don Allah gindin nan gasasshe ne, kada baki ya taɓa shi."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Gilashi gilashi ne."

Na ce, "A'a Malam, ba ɗaya ba ne, na gwada shi. Bari in nuna maka da tabarau, ba zai ɗauki minti ɗaya ba."

Sai a lokacin ya dube ni, irin duban da ake yi wa yaron da ya sa baki a maganar manya. Ya juya wajen yaransa ya ce, "Ku zo ku ga wanda zai koya mini gilashi da tabarau." Suka yi dariya. Ya ce, "Ruwan ba ƙasa zai tafi ba? To wane mai hankali ne zai huda baya alhali bututun ƙasa ya nufa? A gindi ake yi."

Na haɗiye abin da ya taso mini, domin tankina yana hannunsa. Na sake yi masa bayani da murya ƙasa-ƙasa, na ce ko da a ce gindin yana huduwa, ni a baya nake so, kuma na roƙe shi a kewaye da'irar da danƙo a zuba ruwa a ciki don baki ya riƙa sanyi, a manna salatif ta ciki don ya tare ɓallin da zai faɗo, a tafi da injin a hankali ba tare da dannawa ba, nauyinsa kaɗai ya isa. Ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, in ka iya, me ya kawo ka wajena? Shekara nawa kake tsammani na yi ina wannan aiki?"

Na ce, "Ban raina shekarunka ba. Kayana ne dai na fi ka sani."

Ya ce, "To na ji. Je ka ɗauko mahaɗan in ga girmansu."

Na yarda da wannan "na ji" ɗin, kuma wannan yardar ce take ci mini rai har yanzu. Na fita zuwa mota, tafiyar da ba ta kai minti uku ba. Ina dawowa na ji ƙarar injin a sama, irin gudun da ake huda katako da shi, sannan na ji wani sauti guda ɗaya, kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Na shigo na tarar sun kife tankin, gindi a sama, takardar da na manna an ɓare ta an yar a ƙasa, babu ɗigon ruwa ko ɗaya a wurin hudar. Farantin gindin gaba ɗaya ya zama ƙananan ƙwayoyi, rabi ya zube cikin tankin, rabi yana maƙale da silikon, wato danƙon da ke haɗa gilasan, a gefe-gefe yana ci gaba da ƙara ƙas-ƙas shi kaɗai. Na tsaya ina kallon takardata a ƙasa da sawun takalmi a kanta.

Na ce, "Malam, ba na ce maka kada a taɓa gindin ba?"

Ya ajiye injin, ya karkaɗe hannu, ya ce, "Dama gilashin ya gaji. Ko ban taɓa shi ba zai fashe."

Na ce, "Shekara huɗu yana ɗauke da ruwa kilo 300 bai gaji ba, sai yau da ka ɗora masa baki?"

Ya ce, "Ƙaddara ce. Kai ba ka yarda da ƙaddara ba ne?" Da ya ga jikina yana rawa, sai ya ƙara da maganar da ba zan manta ba: "Kifi ne fa, Malam, ba ɗan mutum ba. Kuma ka ba yara kuɗin aikinsu, sun sha ɗauka."

Kuɗin wane aiki? Na fasa mini kaya? Na ɓare gargaɗin da na rubuta da hannuna? Na yi mini dariya a gaban yara don na faɗi gaskiyar da kowane almajirin gilashi ya kamata ya sani a makonsa na farko? Mutumin da ya yi shekaru yana yankan gilashi, amma bai san cewa gasasshe ba ya huduwa ba, me ya koya a shekarun nan da yake tinƙaho da su? Idan kuwa ya sani ya yi don ya nuna mini cewa maganata ba ta isa ba, to wannan ya wuce jahilci, mugunta ce. Ina kuma jin zafin yadda ya jawo ƙaddara ya rufe kansa da ita. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɓare takarda, ba ta kife tanki, ba ta danna inji a kan busasshen gilashi. Hannun mutum ne ya yi wannan bayan an gargaɗe shi sau uku.

Kuma ba wannan ne karon farko da aka wulaƙanta ni a kan wannan kiwo ba. Wanda ya sayar mini da tankin tun farko, na tambaye shi wane farantin ne gasasshe, ya ce shi sayarwa yake yi ba ƙerawa ba. Wani ya taɓa ba ni silikon na banɗaki, mai maganin hana fumfuna wanda yake guba ne ga kifi, ya rantse mini cewa duk ɗaya ne. Wani ya sayar mini da mahaɗin bututu ba tare da zoben robarsa ba, da na koma ya ce ni na jefar. A kowane karo sai an nuna mini cewa tambayata ce laifi, kuma mai kiwon kifi a gilashi mutum ne marar aikin yi wanda bai cancanci a ba shi amsa ta gaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni takaici a ranar shi ne mutanen da suka taru. Babu ko ɗaya da ya dubi mai shagon ya ce masa ka yi kuskure, ka biya. Kowa ni ya juyo yana ba haƙuri, wani har yana cewa in bar wa Allah, tunda ba rai aka rasa ba. Haka muka mayar da haƙuri wani kaya da ake ɗora wa wanda aka cuta shi kaɗai, wanda ya yi cutar kuwa ya koma kujerarsa ya ci gaba da waya. Mun gina al'ummar da mai sana'a ya gwammace ya lalata dukiyar mutum da ya furta kalma uku, "ban sani ba", domin a wajenmu faɗin haka zubar da girma ne, fasa kayan mutane kuwa ba komai ba ne. Yaran nan da suka yi dariya su ne gwanayen gobe, kuma darasin da suka ɗauka a ranar shi ne mai kaya abin ba'a ne, kuma idan ka yi ɓarna ka ɗaga murya ka nemi lada.

Hukumomi kuma ina suke? Akwai ofisoshin da aka kafa da sunan kula da ingancin kaya da kare haƙƙin mai saye, ana biyan ma'aikatansu albashi daga harajin da muke biya. Mene ne wahalar tilasta wa mai ƙera tanki ya buga tambari a kusurwar kowane farantin da aka gasa, kamar yadda ake yi a gilashin mota? Gilashin da ke riƙe da ɗaruruwan litoci na ruwa a cikin ɗakin da yara ke wasa, kusa da wayoyin lantarki, ba abin wasa ba ne, amma kowa yana iya haɗa shi ya sayar ba tare da takardar da ta faɗi kaurinsa ko irinsa ba. Kowa kuma yana iya sayen inji ya kafa allo ya ce shi gwanin gilashi ne, babu jarrabawa, babu shaidar ƙwarewa, babu inshorar da za ta biya idan ya yi ɓarna. In ka ce za ka kai ƙara, za a tambaye ka rasit, alhali mai shagon ba ya bayarwa kuma babu wanda ya taɓa tilasta masa. Za ka yi ta zirga-zirga daga tebur zuwa tebur har abin da ka kashe ya fi abin da aka fasa maka, kuma shi mai ɓarnar ya san haka sarai, shi ya sa bai ko tashi daga inda yake ba lokacin da nake tattara gutsattsarin.

Yanzu aikin da ke gabana ya ninka wanda na fita yi. Sai na yanke silikon a gefe huɗu, na kankare kowane baki da reza har ya zama babu saura, domin sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau. Sai na nemo sabon faranti daidai awo, na haɗa, na jira kwanaki ya bushe, na cika tankin da ruwa a waje na zuba masa ido ko zai yi yoyo, kuma bayan duk wannan hudar nan biyu tana nan ba a yi ba. A halin yanzu ina ta ƙoƙarin raya soson matatar ruwan a cikin bokiti da bututun iska, domin idan ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinsa, masu cinye amoniya, wato dafin da ke fita daga dattin kifi, suka mutu, ruwan zai zama guba ga kifayen ko da tankin ya dawo. Jiya da dare ɗaya daga cikin manyan, wanda na raina tun yana kamar ɗan yatsa, ya daina cin abinci ya koma gindin bokiti ya lafe. Bakin hudar da na saya ma yana can shagon, mutumin ya ce ba zai ba ni ba sai na biya yaransa.