Rajistar sunayen intanet da maganar diyaucin Nijar

Mutanen Maraɗi ba su manta da watan Agustan 2023 ba. Ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya a kansu, wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya ta ɗauke, kuɗin gwamnati da ke babban bankin yankin kuma aka sa musu kwaɗo. Duk da haka akwai wata ƙofa guda da ba wanda ya rufe, kuma mutane kaɗan ne suka lura da ita: duk wanda ya rubuta adireshin intanet mai ƙarewa da .ne, wato wutsiyar adireshin Nijar, ko yana Kano ko yana Faransa, kwamfutarsa ta ci gaba da gane cewa akwai wannan suna a duniya. Dalili kuwa shi ne, littafin da aka rubuta sunan Nijar a cikinsa ba ya hannun wani taron shugabannin ƙasashe da za su iya kaɗa ƙuri'a su goge shi.

Na kawo wannan ne saboda kalmar diyauci ta zama abin da ke bakin kowa, kuma cikin masu ilimin zamani akwai waɗanda ke cewa lokaci ya yi da za a ƙwace ragamar intanet daga hannun wata ƙungiya mai suna ICANN da ke zaune a Amurka a miƙa wa gwamnatoci. Koken nasu yana da tushe, amma maganin da suke kawowa ya fi cutar haɗari, musamman ga ƙasa irin tamu.

Kwamfutoci da wayoyin salula ba su san suna ba, lamba suka sani. Idan mutum ya rubuta sunan wani shafi, sai an nemo lambar da ke bayan sunan, kamar yadda waya ke nemo lambar Alhaji wane da zarar an taɓa sunansa. Wannan tsari, wanda aka ƙirƙiro a 1983, hawa-hawa ne, kuma a can ƙololuwa akwai uwar rajista wadda ke ɗauke da wutsiyoyin adireshi sama da dubu ɗaya, irin su .com da .org da .ng da .ne, tare da bayanin wanda ke kula da kowace. Hukumomi 12 ne ke gudanar da na'urorin da ke rarraba wannan rajista ƙarƙashin sunaye 13, kuma an baza kwafinsu a wurare fiye da dubu a faɗin duniya. Amfanin rajistar yana cikin kasancewarta guda ɗaya. Ɗan kasuwar da ke auna gero ya san abin da zai faru ranar da aka wayi gari kowace rumfa tana da girman tiyarta. Haka ma idan suna ɗaya ya kai mutumin Maraɗi wani wuri, ya kai abokin cinikinsa na Katsina wani wurin dabam, ciniki ya lalace.

Shekaru da dama wani malamin kimiyya ɗan Amurka, Jon Postel, shi ke riƙe da wannan rajista daga wata jami'a a jihar Kalifoniya, har zuwa rasuwarsa a 1998. A shekarar ce aka kafa ICANN, ƙungiyar da ba ta neman riba, aka ba ta aikin a ƙarƙashin kwangila da ma'aikatar kasuwanci ta Amurka, wadda sai ta amince kafin a sauya wani abu a uwar rajistar. Ƙasashe da yawa sun yi ta ƙorafi a kan haka tun daga taron ƙolin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a Janiba a 2003 da Tunis a 2005. Bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi a 2013 game da leƙen asirin Amurka, matsin lamba ya ƙaru, har gwamnatin Amurka ta sanar a watan Maris na 2014 cewa za ta saki, kwangilar kuma ta ƙare a ƙarshen Satumban 2016.

Abin da ya maye gurbin sa idon Amurka shi ne ake kira tsarin masu ruwa da tsaki. Kamfanonin da ke sayar da sunaye suna da majalisarsu, masu kula da wutsiyoyin ƙasashe suna da tasu, injiniyoyi da ƙungiyoyin farar hula da masu amfani da intanet na yau da kullum kowa yana da inda yake magana, gwamnatoci fiye da 170 kuma suna da kwamitinsu da ake kira GAC. Wannan kwamiti shawara yake bayarwa, ba umarni ba, ko da yake idan gwamnatocin suka haɗu a kan magana ɗaya, hukumar gudanarwar ICANN ba za ta iya yin watsi da ita ba sai da ƙuri'ar kashi 60 cikin ɗari na mambobinta, tare da bayyana dalili. Wanda ya san yadda ake sasanta rikici a babbar kasuwa, inda ake zama da sarkin kasuwa da dillalai da masu rumfuna da wakilin magajin gari, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Maganar takan ɗauki lokaci, wani lokacin shekaru, amma da wuya mutum ɗaya ya yanke ta shi kaɗai.

To, sai dai kuma duk wanda ya taɓa zama a irin wannan sulhu ya san cewa muryar mai babbar rumfa ta fi ta mai talla nauyi, kuma nan ne masu suka ke da gaskiya. ICANN tana yin manyan taruka uku a shekara, kowanne a wani birni na duniya, kuma ko da yake ƙofa a buɗe take, ana fassara zuwa Faransanci da Larabci, ana kuma iya shiga ta intanet, ainihin aikin ana yin sa ne cikin Turanci a ƙananan kwamitoci da ke ganawa mako-mako. Babban kamfani yana da lauyoyin da yake biya domin wannan kaɗai. Malamin jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke son shiga sai ya yi haka bayan ya gama koyarwa, da kuɗin datarsa, idan wuta ta yarda. Sakamakon ya fito fili a 2012 lokacin da aka buɗe ƙofar neman sababbin wutsiyoyi: daga cikin buƙatu 1,930, Arewacin Amurka ta kawo 911, Afirka gaba ɗayanta ta kawo 17. Kuɗin shigar da buƙata kuwa dala 185,000 ne, ta Amurka ba tamu ta sefa biyar ba, wato sama da sefa miliyan 90 a lokacin. A wannan zagayen ne kamfanin Amazon ya nemi .amazon, ƙasashen Kudancin Amurka da kogin da dajin ke cikinsu, irin su Barazil da Peru, suka ƙi, kwamitin gwamnatoci ya goyi bayansu, amma bayan shekaru bakwai na ja-in-ja kamfanin ne ya samu sunan a 2019. Mai karatu ya ƙaddara wani kamfanin waje ya nemi .sahel ko .hausa, ya tambayi kansa wa zai tashi ya yi magana a madadinmu, kuma a wane zama.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi. ICANN har yau rajistarta a Kalifoniya take, ƙarƙashin dokokin Amurka da kotunanta, shi ma kamfanin Verisign da ke gudanar da .com yana ƙarƙashin dokokin Amurka ne. A watan Yunin 2021 hukumomin Amurka sun ƙwace sunayen shafuka fiye da 30 masu alaƙa da Iran, har da na tashar Press TV da ke ƙarewa da .com. Wannan ba ICANN ce ta yi ba, amma ya nuna cewa wanda ya gina gida a filin wani yana cikin hukuncin mai fili. Abin lura shi ne tashar ta ci gaba da aiki a kan .ir, wutsiyar ƙasarta, wadda ba a taɓa ba.

Duk da waɗannan kurakurai, ban yarda a miƙa rajistar ga gwamnatoci su kaɗai ba. An gwada ƙarfi a kan makamanciyar wannan magana a taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a Dubai a watan Disambar 2012, inda ƙasashe 89 suka sa hannu a sabuwar yarjejeniya, 55 suka ƙi, aka watse duniya ta rabu biyu. Da rajistar sunaye tana hannun irin wannan zaure, kowane rikicin siyasa zai iya shiga cikinta. A ƙarshen Fabrairun 2022, kwanaki kaɗan da fara yaƙi, gwamnatin Yukiren ta rubuta wa ICANN tana neman a soke .ru da sauran wutsiyoyin Rasha. Yawancin ƙasashen Yamma suna bayan Yukiren a lokacin, amma ICANN ta ƙi, tana mai cewa aikinta na fasaha ne, kuma ba ta da hurumin hukunta wata ƙasa. Wannan ƙa'idar da ta kare Rasha mai makaman nukiliya ita ce ta kare Nijar a shekarar da ta biyo baya, kuma mu muka fi Rasha bukatarta, domin a zauren da ake ƙirga ƙuri'u da alfarma, ƙasa matalauciya da ta ɓata da manya ba ta cika samun mai tsaya mata ba. Kada kuma mu manta cewa lokacin da intanet ɗin salula ya ɗauke mana na kusan kwana goma bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2021, ba daga Kalifoniya aka kashe shi ba. Mai neman a ƙara wa gwamnatoci iko a kan intanet ya tuna cewa kowace gwamnati yake nufi, da wadda yake so da wadda ba ya so, ta yau da ta gobe.

Mu ƴan Afirka ma ba mu da bakin cewa tsarin namu ya fi. AFRINIC, hukumar da ke raba lambobin intanet a nahiyar daga tsibirin Morishiyas, ta faɗa shari'a da wani kamfani, aka rufe asusunta na banki a 2021, ta shafe shekaru ba hukumar gudanarwa, har sai da kotu ta naɗa mata mai riƙon ƙwarya. Ita ma .africa, wadda Tarayyar Afirka ta goyi baya, ba ta fara aiki ba sai a 2017 saboda ƙarar da ɗaya daga cikin masu neman ta ya shigar.

Inda diyauci yake da ma'ana ta zahiri shi ne .ne, kuma a nan ba wanda ya ɗaure mana hannu. Haruffan biyu sun fito ne daga jerin lambobin ƙasashe na hukumar ma'auni ta duniya, kuma ICANN ba ita ke tsara wa ƙasa farashi ko sharuɗɗan rajista a kan wutsiyarta ba. Wannan aikin cikin gida ne. Maƙwabciyarmu Najeriya ta ɗora .ng a hannun ƙungiyar NiRA, inda masu ruwa da tsaki na ƙasar ke zama tare. Mali kuwa ta bar .ml shekaru goma a hannun wani ɗan kasuwa na ƙasar Holan, sai a 2023 ta karɓa, a daidai lokacin da aka gano cewa dimbin wasiƙun sojojin Amurka da aka nufa da .mil suna faɗawa .ml saboda kuskuren harafi guda. Mu a nan, sau nawa mutum ke karɓar takardar aiki mai hatimi da sa hannu, amma adireshin da ke ƙasanta na Gmail ne ko Yahoo? Alhazan Maraɗi da ke kawo kaya daga Dubai da Sin, da ƴan matan da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp da Facebook, dukansu suna cin kasuwa ne a rumfar haya wadda mai ita zai iya rufewa ba tare da sallama ba. Idan rajistar suna a kan .ne ta zama abin da ɗan kasuwa zai yi daga wayarsa cikin ƴan mintoci, ya biya da sefa ta hanyar kamfanonin tura kuɗi da ya saba da su, a farashin da bai wuce na katin waya ba, an yi wa diyauci aikin da jawabai ɗari ba su yi ba. Kuma ya kamata ƙa'idojin .ne su fito daga zaman da ya haɗa gwamnati da kamfanonin sadarwa da jami'o'i da ƴan kasuwa, domin ba ya yiwuwa mu nemi a saurare mu a waje alhali a gida ofis guda ke yanke hukunci.

Sai maganar harshe, wadda ta fi kusa da zuciyata. Tun a 2010 aka shigar da wutsiyoyin farko na rubutun Larabci a uwar rajista domin Masar da Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Rasha ma ta samu tata da haruffanta. Ba kyauta aka ba su ba, mutanensu ne suka zauna a kwamitoci shekara da shekaru. Hausa, wadda kundin sabunta ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa, tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma fasahar da za ta ɗauke su cikin adireshi ta daɗe da samuwa. Matsalar ita ce shafuka da manhajoji da yawa har yanzu suna ƙin karɓar adireshin da ke ɗauke da su, sannan akwai tambayar tsaro ta gaskiya: k da ƙ sun yi kama a ƙaramin allon waya, kuma ɗan damfara zai iya yin rajistar sunan banki da harafi mai lanƙwasa ya yaudari jama'a. Shin baki da baƙi za a ɗauke su suna ɗaya ne da mutum guda zai mallaka, ko sunaye biyu? A kan .ne mu ke da ikon yanke wannan, a wutsiyoyin da ba na ƙasashe ba kuma ana yanke shi ne a kwamitocin ICANN, inda Bahaushen da ya san bambancin kafa da ƙafa ya fi kowane injiniya cancantar a ji ta bakinsa. An tsayar da kuɗin sabon zagayen neman wutsiyoyi na 2026 a kan dalar Amurka 227,000, abin da ya fi ƙarfin yawancinmu, amma shiga waɗannan kwamitoci ba a biyan ko dala. Sashen harsuna da na kwamfuta na jami'o'inmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai za su iya fara wannan aiki tare da takwarorinsu na Katsina da Kano, su fara da sunan garin nan, wanda har yau ake rubuta shi a adireshi ba tare da ɗ ɗinsa ba.