Ranar da na yi wa Kawu tafinta

Mu 'yan Zariya kowa gani yake ya iya Turanci. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, ga Barewa, ga Alhudahuda, ai ko mai shayi ka taka sai ya ce maka "excuse me". Ni tela ne a Tudun Wada, kuma rabin masu kawo mini ɗinki ɗaliban lauya ne na reshen jami'ar da ke unguwar Kongo, a bakinsu na fara tsintar nawa, daga baya na haɗa da darasin yamma.

A darasin nan ne malam ya zana mana jadawali a allo. Wai Bature ya raba lokaci gida uku, da da yanzu da nan gaba, sannan kowane gida ya sake yanka shi huɗu, sha biyu ke nan. Ni duk cikinsu wanda ya kwanta mini a rai shi ne mai tsawon nan, "has been" da ake liƙa wa aiki "ing" a wutsiya. A ganina Turanci kamar babbar riga ne, iya yawan yadi iya kwarjini.

To, hunturun bana Kawu ya yi haɓo ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ɗan jini ne, kafin a kawo masa ruwa ma ya tsaya, kuma dama duk shekara sai ya yi. Amma da yake yana da hawan jini, Inna ta kafe sai an kai ɗan'uwanta asibiti. Ran Talata na goya shi a babur. Likitan da muka tarar ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba, nas ɗin da ke masa tafinta kuma ta tafi sallar azahar. Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, ai ga ni."

Likita ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na gyara zaman hula, na zaɓo masa mafi tsada a cikin sha biyun: "Doctor, my uncle has been bleeding since Friday."

Mutumin nan ya ajiye biro. "Since Friday?" Na ce ƙwarai kuwa. Sai ya taso ya janyo fatar idon Kawu yana leƙawa, ya juya tafin hannunsa, ya ƙwala wa wani kira. Kafin ka ce kwabo an turo keken marasa lafiya an dasa Kawu a kai, goro na bakinsa bai ma gama taunawa ba. Dattijon da kullum yake takawa daga Ƙofar Doka zuwa gona da ƙafarsa!

"Kai ɗan nan, me ka gaya masa?"

"Kawu, karramawa ce. Haka ake yi wa wanda ya zo da mai Turanci."

Aka rubuta gwajin yawan jini, aka rubuta na rukuni, sannan aka tambaye ni ko ni ɗan'uwansa ne. Ina amsawa aka ce in naɗe hannun riga, ko da za a bukaci leda ɗaya. Ni da nake wuni da allura a hannu, ranar na gane tawa ba ta da mugunta.

Ana cikin haka nas ta dawo, wata dattijuwa mai tabarau. Ta durƙusa ta ce, "Baba, daga ina jinin ke zuba?" Kawu ya ce, "Wane jini, 'yar nan? Haɓo na yi ran Juma'a, tuni na manta da shi." Ta juya wa likita maganar. Ya dube ni, ya dubi silin, ya koma kujerarsa.

Ita kuwa ba ta bar ni ba. Ta juya bayan kati ta hau rubutu. "Malam, abin da ya faru ya wuce, har ka san ranarsa, he bled on Friday ake cewa. Bled, ba bleeded ba, wannan aikin ba ya karɓar ed. In kana nufin yakan yi duk hunturu, he bleeds. In ka ce he is bleeding, to yanzu-yanzu ne, da auduga zan rugo. He has bled kuma ya yi, zancen bai mutu ba, amma ba a sa masa rana. He had bled sai in kana ba da labarin abu biyu da suka wuce, shi ne ya riga ɗayan. Wanda ka ɗauko kuwa, ma'anarsa tun Juma'a jinin ke zuba, ko bai tsaya ba ko yana ta dawowa. Jinin jikin babban mutum gaba ɗaya kusan lita 5 ne. Ka ce likita kada ya firgita?"

Na ce, "Amma Sista, tsakani da Allah, akwai gyara a jimlata?" Ta ce babu, jimla ce tsaf, sai dai ba Kawuna take magana a kai ba. Wannan shaidar nake riƙe da ita har yau, kuma duk wanda ya tsokane ni a shago ita nake karanta masa.

Likita dai ya yi bayani ta bakinta: iskar hunturu ke busar da cikin hanci har ƙananan jijiyoyi su fashe. In ya sake faruwa, Kawu ya zauna ya ɗan sunkuyo gaba, ya matse wajen taushin hancin minti 10 zuwa 15, kada ya ɗaga kai sama yadda muka saba, don jinin maƙogwaro yake komawa. Ya riƙa shafa ɗan basilin, ya daina wasa da maganin hawan jini. Sista ta ƙara da nata: "In kuma ba ku daina sa yatsa a hanci ba, Baba, you will bleed." Wannan ko Kawu ya gane.

Sakamako ya fito, jinin Kawu ya fi nawa yawa. Nawa kuma aka ce O ne mai alamar ragi, irin wanda ake iya ƙara wa kowa in ta ɓaci, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Nan take aka karɓi lambar wayata.

Da ranar komawa ta zo, na ɗauko babur na tarar Kawu ya shirya tare da jikarsa 'yar aji biyu a ƙaramar sakandare. Muna isa ƙofar asibiti ya sauka, ya kama hannunta, ya ce da ni, "Kai tsaya nan ka yi gadin mashin. Ko gaisuwa aka yi maka, ka amsa da Hausa."