Ba a Wapa aka haifi tsadar dala ba

Duk wanda ya taɓa sarin hatsi ya san yadda abin yake. In masara ta yi araha a Dawanau ta yi tsada a Legas, 'yan kasuwa za su yi ta lodi har farashin nan ya ɗaga, na can ya sauka, su kusa haɗuwa. Haka kuɗi ma suke. Shi ya sa da wuya ka ga farashin dala da fam ya bambanta tsakanin Landan da New York. Da ɗan giɓi ya bayyana, kafin ƙiftawar ido bankuna sun cike shi.

To me ya sa namu giɓin, tsakanin farashin dala na gwamnati da na kasuwar bayan fage, ya yi shekaru bai rufe ba? Saboda ba kowa ke iya shiga inda arahar take ba. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa ta haura 700. Wanda ya san wani a sama ya samu dala miliyan ɗaya, ya juya ta a waje, ya tashi da ribar sama da naira miliyan 200 bai sayo ko allura ba. Mai masana'anta a Sharaɗa da uban da ɗansa ke karatu a Masar kuwa, su yi watanni a layin banki, daga ƙarshe su gangara wurin 'yan canji. Wannan abu yana ci mini rai, domin dalar man fetur ɗinmu ce aka yi ta rabawa da sunan kare naira.

Hukuma kuma kullum reshe take sara. A Yulin 2021 Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya daina sayar wa 'yan canji dala, giɓin sai ƙaruwa ya yi. A 2024 aka yi kame, aka soke lasisin kamfanonin canji fiye da 4,000, aka taka wa Binance, dandalin cinikin kuɗin kirifto, burki. Ban ce babu ɓata-gari a cikinsu ba, amma ɗan canji na Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja bai ƙirƙiri farashi biyu ba, tarar da su ya yi.

Haɗe farashin da aka yi a 2023 ya jefa talaka cikin tsadar da har yau bai farfaɗo ba, na sani. Duk da haka ya toshe waccan kafar. Abin da nake jira daga Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Olayemi Cardoso shi ne cikakken bayani: su wa suka karɓi dalar araha a waɗancan shekarun, kuma wane kaya suka shigo da shi?