Tsumma a hanci ba ya tare ƙurar dutse

Ana gini a layinmu, kusan wata uku ke nan. Jiya da la'asar na fito zan tafi masallaci, sai na tarar da wani matashi durƙushe a ƙofar gidan yana yanka tayil da inji. Ƙura ta turnuƙe shi, girarsa da gashin idonsa sun yi fari fat kamar wanda ya faɗa buhun fulawa. Abin da ya ɗaura a hanci kuwa tsohuwar singileti ce. Na ce, "Samari, ina takunkuminka?" Ya kashe injin, ya ja tsumman ƙasa, ya ce, "Baba, ai ga shi nan. Kuma in mun tashi oga yana saya mana madara, tana wanke ƙirji."

Maganar madarar nan ce ta hana ni barci, domin na taɓa jin ta a bakin kawuna, Allah Ya jiƙansa. Ya yi shekaru yana aiki a wurin fasa dutse, kullum ya dawo gida da gwangwanin madara a aljihu. Mutum ne ƙaƙƙarfa, mai ɗaukar buhun siminti biyu a tare. A ƙarshen rayuwarsa, daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango yana haki. Sallah a zaune yake yin ta. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin tarin fuka, kafin wani likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya duba, ya juyo ya tambaye mu, "Wane aiki yake yi?" Kafin ranar babu wanda ya taɓa yi mana wannan tambayar.

Jama'a, madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu take shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. A cikin dutse da yashi da kankare da tayil akwai wani sinadari da ake kira silika. In aka yanka ko aka niƙa su a bushe, ƙurar da ke yin ɓarna ba wadda ido ke gani ba ce, wannan hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Mai illar ita ce 'yar mitsitsiyar da ke wucewa har ƙarshen huhu ta zauna. Jiki ya yi ta faɗa da ita ya kasa, wurin ya zama tabo, huhun ya ƙandare ya daina buɗewa yadda ya saba. Likitoci suna kiran ciwon silikosis, kuma har yau ba shi da maganin warkewa. Yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya bayyana, lokacin mutum ya daɗe da barin wurin aikin, shi ya sa ba a ɗora laifin a inda ya dace. Kuma huhun da silika ta ci ya fi saurin kamuwa da tarin fuka.

Tun zamanin korona muka saba da kalmar takunkumi, sai muka ɗauka duk ɗaya ne. Shuɗin nan na asibiti an yi shi ne don tare yawu da feshin tari, gefensa a buɗe yake, ƙura tana shiga ta nan. Na ƙura daban ne. Wanda aka rubuta wa N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, takwaransa na Turai FFP2 kashi 94. Amma ko shi ba ya tare tururin fenti da tina. Mai fentin mota yana buƙatar na roba mai gwangwanayen gawayi a gefe, kuma gawayin yana ƙarewa, sai an riƙa canzawa. Wanda zai shiga tanki ko rijiya ko ramin masai kuwa, duk waɗannan ba za su cece shi ba, domin ba sa ƙara iskar numfashi, tace wadda ke wurin kawai suke yi.

Akwai maganar da na san za ta sosa wa wasu rai, amma dole a faɗe ta: gemu. Takunkumin da ke manne wa fuska amfaninsa yana ga rufewar gefensa. In gashi ya shiga tsakanin roba da fata, iska za ta bi ta nan ta bar matatar. Ni ma ina da gemu, kuma ba zan ce wa kowa ya aske sunna ba. Masu ƙera kayan sun tanadi wani iri mai kama da hular kwano da ke rufe kai gaba ɗaya, da ƙaramin fanka mai batir da ke turo tatacciyar iska, shi bai damu da gemu ba. Yana da tsada, gaskiya ne. To kamfanin da ke sayen injin niƙa dutse na miliyoyi ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. In kuma babu hali, a ba mai gemu aikin da ba na cikin ƙura ba.

Kafin ma a zo kan takunkumi, ruwa ne na farko. A jiƙa abin da ake yankawa, mafi yawan ƙurar ba za ta tashi ba balle a shaƙa. Mun ga abin da ƙura busasshiya ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Gubar dalma da ke cikin dutsen ta kashe yara sama da 400. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Yaran nan ba su taɓa riƙe guduma ba, ƙurar ce ta iske su a tsakar gida da jikin tufafin iyayensu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba doka muka rasa ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kawar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa, ya kuma ba ma'aikata kayan kariya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, don wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki. Amma leburan da ake biya kullum da yamma, ba takarda ba rajista, wa ya san da zamansa? In ya fara tari sai a ce ya je ya huta, gobe a ɗauki wani. A Amurka doka ta ce sai likita ya tantance ma'aikaci zai iya aiki da takunkumi, a gwada shi a fuskarsa duk shekara a tabbatar ba ya yoyo, kuma mai kamfani ne zai biya. A Afirka ta Kudu masu haƙar zinare da huhunsu ya lalace sun kai kamfanoni kotu, a 2018 aka daidaita kan diyyar rand biliyan 5. Ostireliya kuwa, da ta ga matasa masu yanka dutsen haɗi na masana'anta da ake shimfiɗawa a kan teburin kicin suna kamuwa da silikosis, sai ta haramta dutsen ɗungurungum daga 1 ga Yuli, 2024.

Mu ma masu ba da aikin gini muna da namu kason. Mukan zauna da ɗan kwangila mu yi ta ciniki har sai mun matse shi, mu tambayi kalar tayil da ƙasar da aka yi shi, amma ba ma tambayar da me yaran za su rufe hanci. Ka sa shi cikin sharaɗi tun farko: yanka da ruwa, takunkumi na gaske ga kowane yaro, kuɗin a cikin lissafin aiki. Ƙungiyoyin magina da masu fenti da masu fasa dutse, da suke karɓar kuɗin mako a hannun 'ya'yansu, su ma za su iya sayowa da yawa a farashin sari.

Yau da safe na koma wurin ginin na sami ogan nasu. Na ce, "Malam, yaran nan amana ce a hannunka." Da farko ya ce ko ya saya ba sa sakawa, wai zafi yake musu. Na ce to a fara da ruwa. Muka huda jarka aka rataye ta tana ɗiga a kan bakin injin, nesa da waya da soket, ƙurar ta koma taɓo a ƙasa. Ya yi alkawarin kawo takunkumin ranar Asabar. Matashin na jiya shekararsa 19, ya ce tun yana 14 yake wannan aikin, kuma da muna magana sau uku yana juya baya ya yi tari. Na ce masa ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, in ya shiga wurin likita ya fara faɗa masa aikin da yake yi tun kafin a tambaye shi.