Wankan ƙanƙara ya bar gidansu, ya shiga kasuwa

A daren 18 wayewar 19 ga Janairu, Rashawa kan fita bakin kogi ko tafki, su sa zarto su yanke ƙanƙarar da ta rufe saman ruwa, su fitar da rami mai siffar gicciye. Limamin coci ya yi addu'a, sai a yi layi, kowa ya sauka ta tsanin katako, ya nutsa sau uku ya fito, jiki na tururi kamar an buɗe tukunyar dambu. Baftismar Yesu a kogin Urdun suke tunawa, shi ya sa ramin ma da sunan kogin suke kiransa. Shi kansa Vladimir Putin an nuno shi a 2018 yana shiga ruwan a tafkin Seliger.

Abin da masu ɗaukar bidiyo ba su cika nunawa ba shi ne abin da ke gefen ramin: tanti mai ɗumi, shayi mai zafi, 'yan agaji da motar asibiti. Hukuma ce ke ware wuraren, ta auna kaurin ƙanƙarar, ta gargaɗi mutane kada su sha giya kafin su shiga. Malaman cocin Otodoks, babbar ɗariƙar Kiristocin Rasha, ma sun sha faɗa cewa wankan al'ada ce ta jama'a, ba wajibi ba ne, kuma ba ya kankare zunubi.

A Finlan "avanto" suke ce wa ramin, kuma galibi da ɗakin tururi a kusa, a fito daga zafi a faɗa sanyi na 'yan daƙiƙoƙi a koma. Mabiya addinin Shinto a Japan na yin "misogi", wato wanka da ruwan sanyi, don tsarkake kai, sai sun yi motsa jiki da addu'a tare tukuna. Mutanen Holan kuwa raha ce kawai, dubbai ke rugawa cikin teku a Scheveningen ranar 1 ga Janairu, su fito su sha miya mai zafi. Dalilai daban-daban, amma duk a cikin jama'a ake yi, a taƙaice, kuma da wurin jin ɗumi.

Damuwata ita ce yadda aka tsinko wankan shi kaɗai, aka bar sauran, aka jefa shi a TikTok da Instagram a matsayin maganin komai da ruwanka: ƙiba, damuwa, raunin garkuwar jiki. Wim Hof, Baholande da ake wa laƙabi da mutumin ƙanƙara, ya taka rawa sosai wajen yayata abin. Yanzu ga baho na musamman ana sayarwa, ga matashi shi kaɗai a banɗaki da buhun ƙanƙara da waya a jingine.

Hujjar likitanci ba ta kai girman tallar ba. Wani bincike da aka buga a 2016 a Holan, kan mutum sama da 3,000 masu rufe wankansu da ruwan sanyi, ya gano fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu da kashi 29 cikin ɗari, amma kwanakin da suka yi suna jinya ba su ragu ba. Wato sun yi ciwon, sai dai sun daure sun je aiki. Haɗarin kuwa ba a musu a kansa. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. Da zarar mutum ya faɗa ruwan da sanyinsa ke ƙasa da maki 15 a ma'aunin Celsius, zai ja numfashi ba da son ransa ba, bugun zuciya da hawan jini su yi sama lokaci guda. Minti na farkon nan ne ke kashewa, tun kafin sanyin ya ratsa ƙashi. Mai ciwon zuciya da bai san yana da shi ba, to fa shi ke nan.

Mu da muka san alwalar asuba da ruwan randa a tsakiyar hunturu ba baƙin wannan magana ba ne. Akwai lada ga cika alwala lokacin da rai ba ya so. Amma Amru ɗan Asi ya yi taimama a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil don gudun halaka, kuma da labari ya je wa Manzon Allah (SAW) dariya ya yi, bai hana ba.

Ban ga laifin tsohuwar da ke shiga rami a Saiberiya tun tana budurwa ba. Jikinta ya saba, maƙwabtanta na riƙe da tawul. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai hawan jini da ya kalli bidiyon minti ɗaya, ya aika yaro kasuwa sayo ƙanƙara, ya kulle ƙofar banɗaki ta ciki.