A sa ungozomomi a horon nan

Wallahi na ji daɗin labarin nan na ƙara wa ma'aikatan ƙananan asibitoci horo, amma dan Allah a sa ungozomomi ciki, mu nan Rigasa mata da yawa a gida suke haihuwa. Maƙwabciyata ungozoma ce, tunda wata nas ta koya musu alamomin jijjiga, da ta ga mai ciki ƙafa ta kumbura ga ciwon kai ba ta jira, keke napep take tarewa sai asibiti a gwada hawan jini. Mazaɓu 255 gare mu a jihar Kaduna, kowacce a gayyato masu unguwa da limamai, su magidanta ke jin maganarsu kan barin mata zuwa awo.