Alhaji Ya Koma Sirdi

(Falon Alhaji ne a cikin birnin Kano, safiyar Lahadi, saura mako 3 Babbar Sallah. An naɗa aminin Alhaji hakimi, shi kuma ya rantse sai ya shiga tawagarsa a Hawan Daushe, alhali rabonsa da sirdi shekara 25. Ran Juma'a da yamma ya fita kilisa. Yanzu ga shi kwance a kan kafet, ƙafa ɗaya gabas, ɗaya yamma.)

ALHAJI: Wash! Hajiya, miƙo min wayar can.

HAJIYA: Ga ta nan kusa da gwiwarka, Alhaji.

ALHAJI: Na gan ta. Nisa ne da ita.

BAZAZZAGE: (daga bakin ƙofa) Salamu alaikum, masu gida. A'a! Wa ya shimfiɗe Bakano haka? Ko farashin shadda ne ya faɗi a Kwari?

ALHAJI: Amin, alaikumus salam. Shigo, bawana. Hutawa nake yi.

BAZAZZAGE: Bawa dai ga shi nan a ƙasa, ubangidansa a tsaye. Tashi ka kwashi gaisuwa.

ALHAJI: Na yafe maka ta yau.

HAJIYA: Sannu da zuwa, Malam. Kada ka biye masa, tun asuba yake nan. Salla ma a kan kujera aka yi ta.

ALHAJI: Addini sauƙi ne.

HAJIYA: Maganar banɗaki kuwa ba zan faɗa ba.

ALHAJI: To, ai kin faɗa.

BAZAZZAGE: Ni labari ya iske ni har Tudun Wada cewa taubashina ya sayi doki. Na ce ƙarya ne, Bakano ba ya sayen abin da ke ci ba ya kawo riba. Ashe dokin ne ya yi maka wannan aiki.

ALHAJI: Ka ji irin taku. Babu ruwan doki. Jifa ne.

BAZAZZAGE: Jifa?

ALHAJI: Zauna ka yi lissafi, in kuna yi a garinku. Ran Juma'a na hau. Awa 3 cur ina kan sirdi, har da sukuwa. Na sauka garau, na ci tuwo malmala 3. Jiya na je kasuwa, ɗan tsami-tsami ne kawai. Sai yau, kwana biyu da sauka, na tashi jikina ya zama na wani. In dokin ne, me ya hana ciwon ya kama ni tun ina kansa? Doki bashi yake bayarwa?

BAZAZZAGE: Ya ga Bakano ne, ya san da bashi aka saba ciniki.

ALHAJI: Akwai wani maƙwabcina a kasuwa. Ya gan ni na sha rawani, ya ce, "Alhaji, kai ne kuwa?" Ko tubarkalla bai ce ba. Tun a nan na ji gabana ya faɗi.

HAJIYA: Shi ya sa ya aika a kira wanzami. Ni kuma na aika a kira ƙanina. Wanda ya riga zuwa, shi ke da mara lafiya.

(Wanzami ne ya riga zuwa, da zabirarsa a kafaɗa. Bai tambayi komai ba, ya sa babban yatsa ya danna cikin cinyar Alhaji. Maƙwabta sun ji sakamakon.)

ALHAJI: Wayyo Allah! Kai, mahaukaci ne kai?

WANZAMI: Alhamdu lillahi, mun same shi. Mataccen jini ne, ranka ya daɗe, ya haɗu da sanyi. Ƙaho 12 zai sha. Shida dama, shida hagu.

ALHAJI: A ina?

WANZAMI: Inda na danna.

BAZAZZAGE: Ni zan riƙe ƙafar dama. Zumunci ya wuce wasa.

ALHAJI: Nawa ne kowane ƙaho?

BAZAZZAGE: Ji Bakano! Rai a hannun Allah, yana neman ragi.

(Sai ga Likita, ƙanin Hajiya, mai aikin gashin ƙashi a asibiti. Tun yana firamare yake tsokanar Alhaji, karatun boko bai rage masa komai ba.)

LIKITA: Salamu alaikum. Yaya Alhaji, barka da sauka. An ce jiya har Shamaki ya aiko yana neman ka koya masa hawa.

ALHAJI: Kai dai ba ka da kunya. Duba ni, in ka iya.

LIKITA: Ina ke ciwo?

ALHAJI: Tambayi inda ba ya ciwo, sai mu gama da wuri.

LIKITA: Cikin cinyoyi, duka biyun?

ALHAJI: E.

LIKITA: Ƙugu da ƙasan baya? Sha-raɓa? In ka yi tari ko dariya, naman ciki yana amsawa?

ALHAJI: Wa ya gaya maka? Hajiya, ke ce?

LIKITA: Babu wanda ya gaya min. Ka faɗo ne? Akwai inda ya kumbura, ko ya yi baƙi, ko wuri ɗaya da ka ji ya tsinke farat ɗaya?

ALHAJI: Ni zan faɗo? Babu.

LIKITA: Fitsarinka wane launi ne?

ALHAJI: Kai! A gaban Bazazzage za ka yi min wannan tambaya?

LIKITA: Ba wasa nake ba a nan, Yaya. In ya koma launin baƙin shayi, yanzu za mu ɗauke ka sai asibiti, don alama ce tsoka ta lalace sosai har abin yana neman taɓa ƙoda.

ALHAJI: (a hankali) Lafiyarsa ƙalau.

LIKITA: To, tsamin jiki ne, na wanda ya sa tsoka aikin da ta manta. Akwai nama a cikin cinya da mahayi ke matse doki da shi. Kai kuwa daga falo sai mota, daga mota sai kujerar kanti, babu inda ake tambayarsa. Shekara 25 yana hutu, ran Juma'a ka tashe shi ka ba shi aikin awa 3. Sai zaren naman ya yi 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani. Da jiki ya fara gyara, wurin ya ɗan kumbura daga ciki, sannan ciwon ke zuwa.

ALHAJI: To, jinkirin fa? Nan na ƙure ka.

LIKITA: Haka ɗabi'arsa take. Yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 72, sannan ya riƙa sauka. Kafin mako ya zagayo ka manta da shi.

BAZAZZAGE: Tsaya in yi lissafin da aka ce ba ma yi. Juma'a da magariba zuwa yanzu, awa 40 ke nan ko ƙasa da haka. Ashe akwai saura.

ALHAJI: Gobe ma akwai ƙari?

LIKITA: Mai yiwuwa.

ALHAJI: Amma ni fa na iya hawa! Ina ɗan shekara 15 nake sukuwa ba sirdi. Da na ɗora ƙafa a likkafa ran Juma'a, komai ya dawo min.

LIKITA: Kanka ne ya tuna, cinyarka ba ta da labari. Kuma akwai shekaru. Daga an wuce 30, tsoka takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, musamman ga wanda ba ya motsa ta. Shekarunka nawa yanzu?

ALHAJI: 45.

HAJIYA: (tana kallon silin) Babban yaronmu dai 34 gare shi.

ALHAJI: Da wuri na yi aure. Kashi 8 ka ce? Wannan ai karyewar jari ce. To, ina naman ya tafi?

BAZAZZAGE: (ya nuna tumbi) Bai tafi ba. Ƙaura ya yi zuwa tsakiyar gari.

ALHAJI: Ha... wash! Kada ka ba ni dariya, mugu, cikina!

LIKITA: Wannan ledar fa, ta mece ce?

HAJIYA: Direba ya aika kemis. Ya sha ja biyu, fari biyu, ko karyawa bai yi ba.

LIKITA: Diclofenac da ibuprofen a haɗe, ciki babu komai, ga olsa, ga hawan jini? Yaya, ciwon cinya ba ya kisa, amma wannan haɗin yana huda ciki, yana wahalar da ƙoda. Na ƙwace. In ya matsa maka, ka sha farasitamol yadda aka rubuta a jikin kwali. A dafa maka ruwan ɗumi ka gasa jiki, a yi tausa mai sauƙi, sannan ka tashi ka riƙa zagaya tsakar gida. Kwanciyar nan ƙara sandarar da kai take yi.

WANZAMI: Ƙahon fa, Likita?

LIKITA: Baba, ka yi haƙuri da wannan. In ka tsattsaga masa cikin cinya, nan ne daidai inda sirdi zai goga.

WANZAMI: To, bari in yi masa aski, kada in koma hannu rabbana.

ALHAJI: Jiya na yi aski.

WANZAMI: Ya tofo.

(Ana cikin haka Baba Muri ya yi sallama. Shi ke kula da bargar, ya tsufa a cikin dawaki, kuma a duniya babu abin da yake tausayi sai su. Fuskarsa a murtuke.)

ALHAJI: Ka ga ɗan halak. Baba, ka zo duba ni? Na gode, jiki da sauƙi.

MURI: Wane jiki? Ni maganar akawal ta kawo ni. Tun jiya bai taɓa harawa ba, dusa ma shinshinawa kawai yake yi. In na shafa gadon bayansa sai ya lanƙwashe. Ruwan ɗumi nake ta gasa masa.

BAZAZZAGE: Ashe majinyata biyu ne. Shi ma jifan ne ya same shi?

MURI: Jifa dai, an jefa masa Alhaji.

ALHAJI: Baba, ka iya bakinka.

MURI: Gaskiya ɗaya ce, ranka ya daɗe. Mahayi tafiya yake yi tare da dokinsa, ƙugu a sake, dunduniya ƙasa. Kai kuwa zama ka yi kamar buhun gero: doki ya yi sama, kai ka yi ƙasa, ku haɗu a tsakiya, tim! Tun daga barga har filin sukuwa nake ƙirga tim ɗin nan, da na gaji na bari.

ALHAJI: Amma ai ka ga sukuwar da na yi.

MURI: Na ga wadda akawal ya yi. Mai A Daidaita Sahu ne ya danna masa oda a kunne, ya zabura. Kai ka saki linzami, ka rungume kwacciya da hannu biyu, likkafa ɗaya tana lilo, kana kiran sunan Hajiya.

HAJIYA: Allah sarki. Wacce daga ciki?

MURI: Ban ji sosai ba, Hajiya, iska ta yi yawa.

(Tsoho ya san inda ake tsayawa.)

LIKITA: Baba, dokin zai kai kilo nawa?

MURI: Mu ba ma aunawa. Amma irin namu ne na gida, ba dogon nan na 'yan folo ba.

LIKITA: A ce 350. Abin da masana dawaki ke ba da shawara, kada kayan da ke bayansa su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa. Kilo 70 ke nan, har da sirdi. Yaya, kai fa?

ALHAJI: Sikelin asibitinku ƙarya yake yi.

HAJIYA: 104.

MURI: Ran Daushe kuma ga jalala, ga kayan ado, ga alkyabba, ga rawani. Ni dai shawarata, ko a ƙara doki, ko a rage Alhaji.

BAZAZZAGE: A mako 3? Sai dai a kai shi Zazzau, mu ba ma cin tuwo malmala 3.

ALHAJI: Don ba ku da shi ne.

LIKITA: Ku tsaya. A nemo masa doki mai ƙashi, mai sanyin hali, wannan aikin Baba ne. Nawa kuma ga shi. Kwana 2 ko 3 ka huta da hawa, amma kana tafiya a ƙasa, safe da yamma. In tsamin ya sauka, ka koma sirdi: minti 15 zuwa 20, tafiya kawai, babu sukuwa. Ka hau yau, ka huta gobe, kana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. A gida kuma ka riƙe bayan kujera, ka tsuguna ka tashi sau 10. Ka zauna a tabarma, ka haɗa tafin ƙafafunka, ka bar gwiwoyi su sauka a hankali, don cikin cinya ya saki.

ALHAJI: Ni, mai kanti 4 a Kwari, in riƙa tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yana?

LIKITA: Ka rufe ƙofa.

ALHAJI: Kuma wai maganin ciwon doki shi ne a koma kan doki? Wannan wane irin karatu ne?

LIKITA: Na gaskiya. Tsoka tana ɗaukar darasi. Hawa na biyu ba zai yi maka rabin wannan ba, in ba ka sake yin hauka ba. In kuwa ka kwanta sai ranar Daushe, sabon lale ne. Ka san yadda ranar take: tun kafin la'asar kuna kan sirdi kuna jiran Sarki ya fito, a bi shi Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, a zagayo Ƙofar Kudu, sannan a zo jafi.

MURI: Jafin nan ne abin ji. A sako doki a guje, a ja linzami ya tsaya cak a gaban Sarki. Doki zai tsaya. Alhaji ne ban sani ba.

BAZAZZAGE: Kuma tun da UNESCO ta sa hawan Kano cikin kayan gadon duniya a Disambar 2024 kuka hana mu sakat da gori. To, duniyar za ta zo kallo, kowa da wayarsa. Kafin ka kai ƙasa ka riga ka kai TikTok.

(Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya leƙa, ya ga sunan sabon hakimi. Nan take muryarsa ta warke, ita kaɗai.)

ALHAJI: Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin hakimi! Lafiya lau, garau nake. Tsami? Wane tsami? Ai mu a kan sirdi aka yaye mu. Yanzu ma nake cewa yaran nan, da akawal na da lafiya da yau ma na fita, hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Wallahi abin ya ɓata min rai. Na'am? A'a, ranka ya daɗe, kada a wahalar da... Na'am. To. To, godiya nake. Allah ya ƙara girma.

(Ya ajiye wayar a kan tumbinsa. Ya daɗe bai ce komai ba.)

HAJIYA: Lafiya, Alhaji?

ALHAJI: Wai tunda dokina ba lafiya, zai aiko min da nasa. Da la'asar za mu fita tare.

MURI: Wanne? Kilin ko ingarman?

ALHAJI: Ingarman.

MURI: To, Hajiya, a ba shi abinci da wuri. Wancan ba ya jiran a danna masa oda.